Ku Tambayi Tsohon Akawu: Littafin gidan waya da Kaka ya bari

A fitowar da ta wuce na ambaci inshorar rai ta zamanin Turawa cikin layi biyu kacal, ina wucewa zuwa wata magana. Ashe na taɓo tsohon miki. Saƙonni suka yi ta shigowa, wasu ta waya, wasu a takarda da aka ajiye mini a shagon maƙwabcina a titin Bauchi. Na zaɓi huɗu. Ta farkon ta ci mini kwana uku, don haka ita za ta ci mafi yawan filin, sauran su yi haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne daga Gangare. Muna gyaran ɗakin marigayi kakanmu bayan damina ta huda kwanon, sai muka tarar da wani ɗan littafi a ƙasan akwatin ƙarfe, an naɗe shi cikin tsumman rawani. A bangonsa akwai tambarin sarautar Ingila, a ciki kuma layi-layi ne na kwanan wata da hatimin gidan waya na Jos. Lissafin ya tsaya a fam bakwai da sule goma, shekarar 1957. Kakan namu masinja ne a gidan waya kafin ya koma cinikin fata. Wani abokina da ke karatu a Indiya ya ce gwamnatin Turawa tana yi wa ma'aikatan gidan waya inshorar rai, kuma magada suna iya neman kuɗin. Yanzu gidanmu ya kasu biyu, baffanmu har ya fara ƙirga masu gado. Don Allah Baba, akwai wani abu a ciki?

AMSA: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan Kaka, ya sa ya huta. Ka ce wa baffanka ya ajiye alƙalami tukuna.

Abin da kuka tsinta, bisa yadda ka kwatanta shi, littafin asusun ajiya ne na gidan waya. Layin kwanan wata da hatimi kusa da kowane adadi, wannan alamar ajiya ce: yau an zuba sule biyar, gobe an cire sule biyu, akawu ya buga hatimi ya sa hannu. Takardar inshorar rai ba haka take ba. Ita falle ɗaya ce ko biyu, manya, ana rubuta sunan mutum da shekarunsa, da jimlar da za a biya in ya rasu, da zubin da zai riƙa yi duk wata. Ba ta da gurbin cirewa. Na shekara talatin da ɗoriya ina juya irin waɗannan takardu a wani ofishin inshora da ke titin Ahmadu Bello, ko a duhu aka miƙo mini zan bambance su da yatsa.

Kuɗin kuwa, ga lissafinsa. Ranar 1 ga Janairu 1973 aka canza kuɗi, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule ɗaya ya zama kwabo goma. Fam bakwai da sule goma ya zama naira goma sha biyar ke nan. Ko ruwan leda ɗaya ba za su saya ba yau. Asusun gidan wayan kansa ya rikiɗe ya zama bankin ajiya na tarayya a 1974, daga baya ya zama bankin kasuwanci, aka haɗe shi da wasu a garambawul ɗin bankuna na 2005. In ka ce za ka bi sawu, kuɗin Keke Napep daga Gangare zuwa Taminus kaɗai ya ninka gadon sau da yawa. Amma a 1957 fam bakwai ba abin wasa ba ne a hannun masinja. Kakanku mutum ne mai tattali, wannan kam littafin ya shaida.

Abokinka bai yi ƙarya ba, ƙasar ce ya kuskure. A Indiya aka yi abin da yake faɗa, kuma har gobe yana nan. Ranar 1 ga Fabrairu 1884 gwamnatin Turawan Ingila ta can ta buɗe inshorar rai ta gidan waya, ta ma'aikatan gidan waya kaɗai. A 1888 aka shigar da ma'aikatan tangarahu, a 1894 aka buɗe wa mata ma'aikata, a lokacin da kamfanonin can ba sa karɓar ran mace. Iyakar abin da mutum zai iya yi wa ransa inshora da farko rupi 4,000 ne. Sannu a hankali aka faɗaɗa ta zuwa sauran ma'aikatan gwamnati. Mutanen ƙauye kuwa, manoma da makiyaya, sai 1995 aka buɗe musu nasu reshen, shekara 48 bayan Turawa sun tafi.

Me ya sa gwamnati ta shiga sana'ar da 'yan kasuwa ke yi? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanonin inshorar rai sun daɗe a Indiya, tun Oriental da aka kafa a Kalkata a 1818, amma don Turawa aka kafa su. Ba'indiye in an karɓe shi ma sai an ɗora masa ƙari a kan zubinsa, wai ransa ya fi saurin fita. Sai a 1870 Indiyawa suka kafa Bombay Mutual, wadda ta karɓi 'yan ƙasa a kan farashin kowa. Ga kuma rashin amana: a 1869 wani babban kamfani na Landan mai suna Albert, wanda yake da masu zubi da yawa a Indiya, ya durƙushe da kuɗin mutane. Wannan faɗuwar ce ta sa majalisar Ingila ta yi dokar 1870 wadda ta tilasta wa duk sabon kamfanin inshorar rai ajiye fam 20,000 kafin ya buɗe ƙofa. Indiya ba ta sami tata dokar ba sai 1912, inda aka ce dole masanin lissafin shekaru da mace-mace ya duba teburin zubi, ya kuma riƙa auna dukiyar kamfani lokaci-lokaci. To a tsakanin nan, ƙaramin akawun gidan waya in ya faɗi ya mutu, iyalinsa ƙofar ofis suke zuwa su zauna. Gwamnati ta ga gara ta riƙa yankar wani abu daga albashinsa tun yana raye, ta biya iyalinsa da kuɗinsa, ba da na baitulmali ba.

A nan gizo yake saƙar, kuma shi ne abin da nake so ka riƙe. Ƙa'idojin irin wannan inshora duk a kan littafin albashi aka gina su. Wanda sunansa ke cikin littafin, shi ake karɓa, domin ba sai an bi shi gida neman zubi ba, daga tushe ake yankewa kafin kuɗin ya taɓa hannunsa. Kamfani yana kashe maƙudan kuɗi wajen biyan dillalai da masu karɓar zubi. Gwamnati ba ta da wannan nauyin, shi ya sa zubinta ya fi sauƙi. Sannan likitan gwamnati zai duba mutum kafin a karɓe shi. Sannan shekarunsa suna rubuce a fayil ɗinsa tun ran da aka ɗauke shi aiki. Wannan na shekaru kada ka raina shi, don duk lissafin inshorar rai a kansa yake tsaye: ɗan shekara 25 da ɗan shekara 45 ba zubi ɗaya suke yi ba. Ni da kaina na sha zama da dattijo ina cika masa fom, in ce shekarunka nawa, ya ce ai shekarar da aka yi husufin rana yana kiwon awaki. Husufin 1947 yake nufi. Daga nan sai mu shiga ciniki, mai kiwon awaki ɗan shekara bakwai ne ko goma sha biyu? Shekara biyar ɗin nan kuɗi ne. Ka ga mutumin da ba shi da albashi, ba shi da fayil, ba shi da likita a kusa, tun kafin ya zo an riga an rufe masa ƙofa, ba sai an rubuta sunansa a dokar an ce ban da shi ba.

Su ma Indiyawan a wurin uwar gijiyarsu aka kwaso tsarin. A Ingila, Gladstone, lokacin yana riƙe da baitulmali, ya kawo dokar 1864 wadda ta ba gidan waya damar sayar wa talaka inshorar rai daga fam 20 zuwa fam 100. Niyyar mai kyau ce, amma kasuwar ba ta ci ba. Kamfanoni irin su Prudential suna tura mutum ƙofa-ƙofa duk mako yana karɓar kwabo-kwabo, gidan waya kuwa yana zaune yana jiran a zo a same shi. Duk mai adashi ya san wanda zai yi nasara a nan: uwar adashin da ke zagayawa ita ke cika asusu. A ƙarshen shekarun 1920 aka rufe inshorar gidan wayan ta Ingila. Niyuzilan, wadda ita ma ƙarƙashin Ingila take, ta yi tata dokar a 1869 bisa jagorancin Julius Vogel, ta sa gwamnati ta tsaya wa kowace takarda, ta kuma tura wakilai yawo. Tata ta yi ƙarfi har ta zarce kamfanonin da ta tarar.

To mu fa? Abin da gwamnatin mulkin mallaka ta kafa a nan wanda ya yi kama da inshorar rai shi ne asusun fanshon zawarawa da marayu na Afirka ta Yamma, wanda ya fara aiki a 1914, shekarar da Lugga ya haɗe Kudu da Arewa. Dokar ba ta ɓoye-ɓoye ba, tun a kanta ta faɗi cewa don mata da 'ya'yan ma'aikata Turawa aka yi ta. Razdan da Di'o da injiniyan reluwe dole ne su yi zubi daga albashinsu, wakilan masarautar Ingila a Landan su riƙe kuɗin. In Bature ya mutu, zazzaɓi ko ciwon shawara ya ɗauke shi, matarsa ta riƙa karɓar fansho har ta sake aure ko ta mutu, 'ya'ya kuma har su kai shekarun da aka ƙayyade. Yawan fanshon ana fitar da shi ne daga tebur mai duba shekarun miji da shekarun mata. Miji ɗaya, mata ɗaya. Ka ɗauki wannan tebur ka kai shi gidan wani malamin En'e mai mata uku, uwargida 'yar hamsin, amarya 'yar ashirin, ka ga ko lissafin zai fita.

Kamfanonin 'yan kasuwa kuwa, Royal Exchange ce ta fara buɗe cikakken ofishi a Ikko a 1921, kuma hankalinsu yana kan kaya: gyaɗa da auduga da kuza da ke shiga jirgin ruwa, da kantunan Turawa kada gobara ta ci. Kamfanin 'yan ƙasa na farko, African Insurance, sai 1958 ya zo, shekara guda bayan Kaka ya yi ajiyarsa ta ƙarshe. Dokar kula da kamfanonin inshora ta zo a 1961, bayan mulkin kai. Gwamnatin tarayya ba ta kafa nata kamfanin ba sai 1969, wato NICON, ana tsakiyar yaƙin basasa. Abin da ma'aikaci ɗan ƙasa yake sa rai da shi a zamanin Kaka fansho ne, bisa dokar 1951 wadda aka mayar da farkon aikinta Janairun 1946, shi ma in yana cikin jerin masu fansho. Ƙananan ma'aikata da yawa ba sa ciki, ɗan garatuti ake sallamarsu da shi.

Bari in ɗan karkata, tunda a Jos muke. Mahaifina ya ga shekarun diban gwamna, 1942 zuwa 1944, lokacin da aka riƙa kwaso mutane dubbai daga lardunan Arewa ana kawo su haƙar kuza dole saboda yaƙin Hitila. Mutanen ƙasa mai zafi, aka sauke su cikin sanyin Bukuru da Barikin Ladi da 'yar riga ɗaya. Da yawa ba su koma gida ba. A lokacin akwai dokar diyyar ma'aikata ta 1941 a rubuce. Mahaifina yakan ce bai taɓa jin wata mata a unguwarsu da aka kira aka ba ta ko sisi don mijinta ya mutu a ramin kuza ba. Bature mai duba aikin kuwa, in na gwamnati ne, tun ranar da ya sauka daga jirgi an san abin da matarsa za ta karɓa, har kwabo.

Littafin nan kada ku yar, kada kuma ku bar shi a hannun yara. Ku sa shi cikin leda mai kauri, nesa da danshi da gara, ka ɗauki hoton kowane shafi da wayarka. In kana son sanin aikin Kaka sosai, gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna yana riƙe da fayilolin tsohuwar Jihar Arewa, har da na lardin Filato. Baffa kuma a gaya masa a hankali, bayan ya ci tuwon dare.

TAMBAYA: Malam, ni ɗaliba ce a sashen tarihi na Jami'ar Jos. Malaminmu ya ce Jafan ta yi wa talakawan ƙasashen da ta mallaka inshorar rai ba tare da likita ya duba kowa ba. In haka ne, ai duk marar lafiya zai ruga ya shiga. Ta yaya asusun bai karye ba?

AMSA: 'Yata, tambayarki ta mai sana'a ce, da kin zo ofishinmu a da, da na ba ki kujera.

Gaskiya malaminku ya faɗa. Jafan ta fara tata inshorar gidan waya a gida a 1916, ta kai ta Taiwan a 1927, sannan gwamnatinta ta mulkin mallaka a Koriya ta kafa irinta a 1929. Ta saɓa da ta Indiya ta fuska babba: ba ta ma'aikata kaɗai ba ce, ta kowa ce, kuma ba a zuwa wurin likita. Ma'aikacin gidan waya zai dube ka da ido, ya yi maka 'yan tambayoyi, shi ke nan.

Abu biyu suka tsare asusun. Na farko, jimlar ƙarama ce. Da aka fara a Jafan iyakarta yen 250, kuɗin jana'iza da ɗan abin da iyali za su riƙe kafin su farfaɗo. Wanda zai yi ha'inci ba zai sami abin kirki ba. Na biyu, akwai lokacin jira. In mutum ya shiga ya mutu da wuri, ba a biyan cikakkiyar jimla, sai a mayar wa iyalinsa zubin da ya yi ko a ba su wani kaso, in dai ba hatsari ko annoba ce ta kashe shi ba. Wanda ya ji ciwon ajali ya ruga gidan waya, kuɗinsa kawai za a mayar. Ƙari a kan haka, doka ta keɓe wa gwamnati wannan ƙaramar kasuwa, ba a yarda kamfani ya yi gogayya da ita ba, ga ma'aikatan gidan waya suna bi gida-gida karɓar zubi duk wata. Da mutane suka yi yawa, masu lafiya suka rinjayi marasa lafiya, lissafi ya daidaita. Irin wannan dabarar ta lokacin jira har yau ana amfani da ita a ƙananan inshorori.

Amma in za ki rubuta takarda a kai, kada ki tsaya a kan yadda kuɗin ke shiga, ki bi inda yake kwana. Zubin miliyoyin talakawa tari ne babba, kuma a hannun gwamnatin mallaka yake. Da yaƙi ya yi zafi, aka matsa wa mutane su shiga, aka karkatar da tarin zuwa bashin yaƙi. A 1945 Jafan ta faɗi, gwamnatin da ta sa hannu a takardun ta watse, hauhawar farashi ta cinye darajar abin da ya rage. Mutanen Taiwan sai a 1995 Jafan ta fara biyansu irin waɗannan basussuka, ta ninka adadin da ke rubuce sau 120, da yawa kuma suka ce ko kusa bai kai darajar abin da iyayensu suka zuba ba. Ana yabon inshorar gwamnati da cewa gwamnati ba ta karyewa kamar kamfani. Haka ne, amma gwamnatin baƙo tana iya naɗe tabarmarta. Ta Indiya ta tsira ne don gwamnatin da ta gaji Turawa a 1947 ta karɓi gidan wayan da bashin da ke kansa gaba ɗaya, har ma ta ƙara a 1956 ta haɗe kamfanoni 245 ta mayar da su hukuma guda ta gwamnati.

TAMBAYA: Malam, duk wannan surutun na inshorar rai, ba caca da ajali ba ne? Rai a hannun Allah yake. Daga wani mai shagon yadi a Dilimi.

AMSA: Alhaji, rai a hannun Allah yake, babu ja. Ni kuma ba malamin fiƙihu ba ne, akawu ne, don haka abin da malamai suka ce zan kawo maka. Tun Ibn Abidin, malamin Sham da ya rasu a 1836, ake tattauna inshorar jiragen ruwa. Majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1985, ta ce inshorar kasuwanci ba ta halatta ba saboda gararin da ke cikinta, wato rashin tabbas, ta kuma halatta ta taimakekeniya, wadda masu zubi suke ba da gudummawa a asusu guda don tallafa wa wanda abu ya sama. Akwai malamai irin su Mustafa al-Zarka da suka halatta inshora gaba ɗaya, amma ba su ne mafi rinjaye ba. Kamfanin taimakekeniya na farko a Sudan aka kafa shi a 1979. A nan gida hukumar kula da inshora, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojin takaful, wato inshorar taimakekeniya, a 2013, kuma akwai kamfanonin da ke yinsa yanzu. Ba ajali ake sayarwa ba, ba kuma a ƙara wa kowa kwana. Buhun masarar marayu ake magana. Ka kai wa malaminka takardar ya karanta sharuɗɗan da kansa, kada ka kai masa labari.

TAMBAYA: Baba, maigidanmu ma'aikacin gwamnatin tarayya ne, ya rasu wata biyar da suka wuce. Mu biyu ne matansa, ni ce ƙarama, ina da yara uku a Unguwar Rogo. Yanzu an ce mana sunan ƙanensa ne a fom ɗin ofis, tun kafin ya yi aure ya rubuta. Shin duk abin da za a biya na ƙanen ne?

AMSA: Allah ya jiƙansa, ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari. 'Yata, kwantar da hankalinki, ki saurara, kuɗi iri biyu ne kuma ba hanya ɗaya suke bi ba.

Na farko kuɗin da ke asusunsa na fansho, wanda ake tarawa duk wata, kashi 8 cikin ɗari daga albashinsa, kashi 10 daga gwamnati. Dokar fansho ta 2014 ta ce ba a sakin wannan sai an kawo wasiyyar da kotu ta tabbatar ko takardar kula da gado daga kotu. Sunan ƙane a fom ba ya mayar da shi mai wannan kuɗi. Wanda aka rubuta a matsayin makusanci, shi ne wanda za a nema in abu ya faru, ba shi ne magaji ba. Wannan kuɗi gado ne, kuma ku Musulmi ne, rabonsa sananne ne: ku biyu ku raba tumuni, iyayensa in suna raye su ɗauki nasu, sauran na 'ya'ya. In akwai ɗa namiji, ƙane ba ya gado.

Na biyu inshorar rai ta rukuni, wadda dokar ta wajabta wa mai ba da aiki ya yi wa ma'aikacinsa, aƙalla ninki uku na jimlar albashinsa na shekara. Ma'aikaci ba ya zuba ko kwabo a ciki. A dokar fansho ta 2004 ana zuba wannan kuɗi ne a asusun fanshon mamaci, amma ta 2014 ta ce a biya wanda mamacin ya ambata da suna a matsayin mai cin moriya. Don haka abin da za ki fara yi shi ne ki je ofishinsa, tare da uwargida da wani babba na gidan, ku nemi a nuna muku fom ɗin da idonku. A wane gurbi sunan ƙanen yake, na makusanci ko na mai cin moriya? In na makusanci ne kawai, magana ta yi sauƙi. In na mai cin moriya ne, kamfani shi zai biya, sai dai a zauna da shi gaban malami ko alƙali a fayyace ko amana ce a hannunsa. Ku tanadi takardar shaidar rasuwa, da ta ɗaukar aiki, da takardar albashi ta ƙarshe, da shaidar aure, da takardun haihuwar yara. Kada ki ba kowa asalin takarda, kwafi za ki bayar. Kuma ke da uwargida ku tafi tare. Ranar da ofis ya ga kun zo daban-daban kowa da nata lauya, ranar fayil ɗin zai koma ƙasan tari.

Na taɓa riƙe irin wannan fayil a shekarun 1980. Wani direban babbar mota ne, mata uku, 'ya'ya goma sha ɗaya. Fom ɗin da muke amfani da shi a lokacin, wanda aka kwafo daga na Landan ba a canza ko waƙafi ba, gurbin mata layi ɗaya ne tak, gajere. Wakilinmu da ya cika masa ya tambaye shi sunan matarsa, shi kuma saboda kunya irin tamu bai iya faɗin sunan uwargida ba, ya faɗi na amarya. Da ya rasu a hanyar Akwanga, cek ya fito da sunan yarinyar da ba ta shekara biyu a gidan ba. Manajanmu ya ce shi abin da ke takarda ya sani. Wata huɗu muna kai da kawo, har limamin unguwarsu ya tara su a zaure. Yarinyar nan ta karɓi cek ɗin, ta je banki da wanta, ta dawo da kuɗin cikin jakar buhu ta ajiye gaban liman ta ce a raba yadda Allah ya ce. Washegari na ɗauki biro da rula na ƙara layi uku a ƙarƙashin gurbin mata a duk fom ɗin da ke cikin durowata, manaja ya gani ya ce na ɓata kayan kamfani, aka yanke mini naira biyu a albashin watan.